Allura, Agogo da Fensir: Yadda Muke Sauka Tsakanin Duwatsu

Tun da na ajiye tuƙi, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu yaranmu matuƙa suke maganar sauka a filayen da duwatsu suka kewaye. Ka tambayi yaro yadda zai shiga Jos cikin gajimaren Agusta, sai ya ce maka ai hanyar tana cikin kwamfuta. Ka ce masa to, madalla, idan ya rage maka mil goma ka kai titin jirgi, ƙafa nawa ya kamata ka kasance, kuma wane tudu ne a hannun damanka? Sai ka ga ya soma lalubar allon hannunsa. Yaran nan suna da kaifin ƙwaƙwalwa, sun fi mu sanin na'ura nesa ba kusa ba, kuma jiragen da suke tuƙawa sun fi namu aminci. Amma akwai wani abu da muka gada daga manyanmu wanda bai kai gare su ba. Shi nake so in rubuta, tun da sauran waɗanda za su gaskata ni a raye.

A Zariya muka koyi tuƙi, a makarantar da aka kafa a 1964. Ƙasar Zazzau shimfiɗaɗɗiya ce. In ka cire Kufena da 'yan duwatsun da ke warwatse nan da can, babu abin da zai tare maka hanya. Saboda haka mun fito da sanin bin allura da riƙe tsayi, amma ba mu san tsoron ƙasa ba. Wannan sai da muka hau Fokker F27 muka soma zirga-zirgar fasinja. A lokacin, yawancin filayenmu bikon NDB kawai gare su, wato tashar rediyon da allura ke nuna inda take. VOR sai a wasu, DME, ma'aunin nisa, ya fi shi ƙaranci, ILS kuwa sai manyan filaye ƙalilan. Rada babu ita a mafi yawan inda muke zuwa. Mai hasumiya bai san inda kake ba sai abin da ka faɗa masa da bakinka. In ka yi kuskuren lissafi, kuskurenka zai rubuta, ya kuma ba ka izini a kansa.

A nan Allah ya haɗa ni da mutumin da ya mayar da ni matuƙi na gaskiya. Baba Kyaftin muke ce masa, mu duka, har da waɗanda ba su jin Hausa. Dogo ne, mai ƙarancin magana, ba ya ɗaga murya ko injin ya mutu. A aljihun rigarsa kullum akwai fensir biyu da 'yan katuna farare masu kauri, a wuyan hannunsa kuma agogon awon daƙiƙa, bayan wanda ke jikin jirgin. Ranar farko da aka haɗa mu zuwa Jos, tun muna ƙasa ya miƙo mini kati da fensir ya ce, "Yaro, zana mini tsaninka."

Tsanin nan shi ne sana'ar gaba ɗaya. Ka buɗe taswirar sauka, ka ja layi tsaye a tsakiyar katin. A hagu ka jera nisa, ko mintoci in babu DME. A dama ka jera tsayin da ba za ka taɓa gangarawa ƙasa da shi ba kafin ka kai wannan wurin. Kowane mataki da layinsa. A gefe ka zana ɗan tudu inda dutse mafi tsawo yake, ka rubuta tsayinsa, ka sa kibiya ta nuna ko yana dama ko hagu. A can ƙasa, da manyan baƙaƙe, ka rubuta abin da za ka yi in ba ka ga titi ba: wane ɓangare za ka juya, zuwa ƙafa nawa, kuma wane ɓangare ne haramun. Duk wannan yana cikin taswirar da aka buga, kuma na faɗa masa haka. Ya ce, "Na sani. Wanda ya buga ta ya san hanyar. Ina so kai ma ka sani." Abin da hannunka ya rubuta ba ya ɓace maka lokacin da jirgi ke girgiza, ruwa na dukan gilashi, fitilar ɗakin tuƙi kuma ja ce ta dushe.

Idan an soma gangarowa, wanda ba ya tuƙi shi ke riƙe da katin, babban yatsansa a kan layin da ake. Ba ya matsar da yatsan sai an wuce wurin da gaske, kuma sai ya faɗa da baki: nisa kaza, tsayi kaza, mataki na gaba kaza. Mai tuƙi ya amsa da lambar da yake gani a nasa ma'aunin. In lambobin biyu suka saɓa, ba a gangara ko ƙafa ɗaya sai an daidaita. Baba Kyaftin ba ya yarda a faɗi tsayi shi kaɗai. In ka ce masa "ƙafa dubu shida" sai ya ce, "A ina?" Tsayin da ba a haɗa shi da nisa ba, a wurinsa ba magana ba ce.

Inda babu DME kuwa, agogo ne nisanka. Kana wuce bikon, allura ta kifa ta koma baya, sai ka danna. A gudun not 120 jirgi yana cin mil biyu a minti, don haka mil shida minti uku ne cif. To amma iska fa? In tana tura ka ta baya da not 20, mil shidan nan za ka cinye su a minti biyu da daƙiƙa 34. Wanda ya jira minti uku ya cika ya wuce wurinsa da kusan mil guda bai sani ba, kuma a cikin kwari mil guda shi ne tsakanin titi da gangaren dutse. Shi ya sa tun muna sama muke auna iska da yadda allura ke jan mu gefe, mu gyara lissafin a kan katin kafin mu fara. Agogo ya cika ba ka ga fitilun titi ba, babu shawara, babu "bari mu ɗan ƙara leƙawa". Ka ba shi wuta, ka ɗaga hanci, ka juya inda ka rubuta.

Ita kuma allurar ADF, wadda ke nuna bikon, sai wanda ya zauna da ita ya san halinta. Da magariba da asuba takan yi ta rawa saboda siginar da ke dawowa daga sama. Kusa da gaɓar teku takan karkace. Tsakanin duwatsu siginar takan bugi dutse ta dawo, allura ta nuna maka bikon a inda ba ya nan. In kuwa akwai hadari, duk walƙiyar da aka yi sai ta zabura ta nuna can. Kuma ba ta da wata alama da za ta faɗo ta ce maka bikon ya mutu. Tsayawa kawai za ta yi inda take, kai kana zaton kana kan hanya. Don haka dokar Baba Kyaftin ita ce haruffan Mos na bikon su ci gaba da ƙara a kunnen ɗayanmu tun daga farkon gangarowa har taya ta taɓa ƙasa. Ƙarar ta ɗauke, an fasa sauka.

Na'urar nan tana kama tashoshin rediyo na matsakaicin zango, kuma wannan ya sha fitar da mu kunya. Idan muna dawowa Arewa da dare, bikon da muke nema ya yi rauni ko ya yi shiru, sai Baba Kyaftin ya murɗa ya kamo Rediyon Kaduna, allura ta miƙe ta nuna inda eriyar tashar take, muna jin labarai muna samun alƙibla. Amma bai taɓa yarda a gangara da ita ba. Yakan ce wannan ta nuna maka gari ce, ba ta nuna maka titi ba. A irin wannan dare ne ma, muna tsakanin Makurɗi da Kaduna, ya ba ni labarin yadda shi kansa ya koya a hannun Turawan da suka yi tuƙi a yaƙin duniya na biyu, waɗanda ba su amince da kowace na'ura ba sai wata ta gaskata ta. Daga wurinsu ya ɗauko katin.

Duwala ce ta nuna mini amfanin duk wannan. Wanda ya taso daga Legas ko Kalaba zuwa Duwala yana da maƙwabta biyu da ba a wasa da su. A hagu Dutsen Kamaru, sama da ƙafa 13,000, wanda ya tashi kusan daga bakin teku. A dama tsibirin Biyoko, inda Malabo take, da nasa tsaunin da ya kusa ƙafa 10,000. Yankin yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a duniya, kuma da damina sai ka yi ta zuwa ba ka taɓa ganin kan dutsen ba. Wani dare muka zo da hadari a gabanmu. Allura tana ta zabura hagu da kowace walƙiya, ma'aunin nisa ya ƙi kamawa, mai hasumiya kuma ya ba mu izinin gangarowa, domin a lissafinsa mun wuce dutsen. Na dubi Baba Kyaftin. Ya ɗora yatsa a kan ɗan tudun da ke zane a gefen katin, ya dubi agogonsa, ya ɗauki makirfo ya ce wa mai hasumiya mun gode, amma za mu riƙe tsayinmu har sai mun zo kan bikon. Muka zauna a sama, kunnena cike da haruffan Mos da ƙarar walƙiya, har allura ta nutsu, ta yi rawa kaɗan, ta kifa. Sannan ya danna agogo, muka yi ta kewaya a kan bikon muna sauke tsayi, muka shiga hanyar sauka daga farkonta. Mun makara, mun ƙona mai, wani babban mutum a cikin fasinja ya yi ta faɗa. Da muka kashe injina ya ce mini, "Izini nasa ne, yaro, amma dutsen namu ne. Shi yana kan kujera a ƙasa."

Yana da dalilinsa. A ranar 3 ga Mayu 1963 jirgin Air Afrique ƙirar DC-6 ya tashi daga Duwala zai tafi Legas, ya daki Dutsen Kamaru, mutum 55 da ke ciki suka rasu. Duk matuƙin da ya yi aiki a gaɓar nan a zamanin ya san labarin, kuma manyanmu ba su bari mu manta ba.

Jos kuwa darasinta na ma'aunin tsayi ne. Filin Heipang yana sama da ƙafa 4,200 daga teku, duwatsun Shere kuma sun kai wajen 6,000. Wanda ya saba da Legas, inda ƙafa dubu biyu a ma'auni take nufin dubu biyu daga ƙasa, dole ya sake tunaninsa gaba ɗaya kafin ya hau tudun Filato. A zamaninmu wasu kamfanoni suna sauka da QFE, mai auna tsayi daga fili, wasu da QNH, mai auna tsayi daga teku, kuma matuƙi yakan bar wannan kamfani ya koma wancan da tsohuwar al'adarsa a kai. Milibar guda kusan ƙafa talatin ce. Baba Kyaftin yakan sa a maimaita lambar milibar da hasumiya ta bayar sau biyu, a rubuta ta a saman katin, sannan a gwada ta da wadda aka taso da ita da kuma hasashen yanayi. In ta yi nisa da abin da ake tsammani, sai a sake tambayar hasumiya, ko da mai hasumiyar zai ji haushi.

Kada wani ya ɗauka ina cewa tsohuwar hanya ta fi ta yanzu. Sauka mataki-mataki, a gangara da sauri a daidaita, a sake gangarawa a daidaita, ta ci rayuka masu yawa. Tana ajiye babban jirgi kusa da ƙasa na tsawon lokaci, a daidai sa'ar da aiki ya fi yawa. Katin Baba Kyaftin magani ne na wannan haɗari, kuma ba kowa ke da irinsa ba. A ranar 1 ga Disamba 1974 jirgin TWA ƙirar Boeing 727 yana shiga filin Dulles kusa da Washington, aka ba shi izinin sauka, matuƙan suka fahimci izinin a matsayin damar gangarawa zuwa ƙafa 1,800 tun suna nesa, suka daki tsauni, mutum 92 suka mutu. Wannan ne ya sa Amurka ta wajabta na'urar gargaɗin kusantar ƙasa, GPWS, wadda injiniya Don Bateman ya yi fice wajen ƙirƙirarta. Ta ceci mutane da yawa, amma ta farkon ƙasan jirgi kawai take kallo, ba ta ganin gaba. In dutsen a miƙe yake kamar bango, kafin ta yi ihu lokaci ya ƙure. Kuma takan yi ihun ƙarya, har wasu matuƙa suka saba da yin biris da ita.

Shekarar 1992 ce ba zan manta ba, domin a lokacin na riga na zama kyaftin ina koyar da wasu. A hanyar shiga filin Katmandu na ƙasar Nepal jirage biyu suka faɗi cikin wata biyu. Na farko na Thai Airways, ranar 31 ga Yuli: matsalar filaf ta sa suka katse gangarowa, a wajen juyawa suka rikice, suka nufi arewa cikin tsaunuka suna zaton kudu suke yi, mutum 113 suka tafi. Na biyu na PIA, Airbus A300, ranar 28 ga Satumba, shi ne ya fi taɓa ni. Hanyar shiga Katmandu daga kudu matakai ne a jere masu tsananin gangara, bisa VOR da DME, kuma filin ba shi da rada a lokacin. Matuƙan sun bi matakan ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, sai dai kowane mataki sun riga shi da ɗaya. A mil 16 suna ƙasa da inda ya kamata da ƙafa dubu. A mil 10, inda taswira ta ce 9,500, suna wajen 8,200. Suka daki dutse a wajen mil tara, mutum 167, babu wanda ya tsira. Da rahoton ya iso hannunmu na kai wa Baba Kyaftin gida, lokacin ya riga ya yi ritaya. Ya karanta, ya yi shiru, ya yi musu addu'a, sannan ya ce, "Yatsa ne ya zame layi ɗaya."

Ana cikin haka kwamfuta ta shigo ɗakin tuƙi, muka yi zaton an gama da dutse. Ashe sabuwar ƙofa ce ta buɗe. A watan Janairun 1992 ɗin nan dai, jirgin Air Inter ƙirar A320 yana shiga Strasbourg a Faransa ya daki tsauni, mutum 87 suka mutu. Masu bincike sun fi karkata ga cewa matuƙan sun nufi gangara ta digiri 3.3, na'urar kuma ta karɓa a matsayin ƙafa 3,300 a minti, domin lambobin biyu kusan iri ɗaya suke fitowa a allon. Sai kuma Kali ta ƙasar Kolombiya, ranar 20 ga Disamba 1995. Jirgin American Airlines, Boeing 757, yana gangarowa cikin kwari da dare, babu rada, aka yi masa tayin gajeriyar hanya ya karɓa. Matuƙi ya danna harafin R yana nufin bikon Rozo da ke gabansa, kwamfuta ta ba shi wani bikon da ke kusa da Bogota, jirgi ya juya hagu ya bar kwarin yana ci gaba da gangarawa. Da na'ura ta yi ihu sun ba shi wuta, amma birkin iska yana buɗe. Mutum 159 suka rasu, huɗu suka rayu. Matuƙan ƙwararru ne, jirgin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya ɓace musu na 'yan mintoci shi ne amsar tambayar nan ta Baba Kyaftin: a ina?

Bayan Kali aka samu gyara na gaske, kuma wajibi ne a yaba. Sabuwar na'urar EGPWS tana ɗauke da taswirar duwatsun duniya, tana haɗa ta da GPS, tana nuna maka tudu a allo da launin ja da rawaya tun kana nesa. An bar sauka mataki-mataki, an koma gangara guda miƙaƙƙiya, kusan ƙafa 300 a kowane mil, har zuwa iyaka. A 1996 kamfanin Alaska Airlines ya fara bin hanyar RNP zuwa Juneau, inda jirgi ke bin lanƙwasar mashigin ruwa tsakanin tsaunuka cikin gajimare, abin da ko a mafarki ba mu zata ba. Yau akwai irin waɗannan hanyoyi a filaye masu wuya da yawa, har Katmandu. Na tuƙa jirage masu waɗannan kayan a ƙarshen aikina, kuma na gode wa Allah da na gan su.

Sai dai akwai abubuwan da kwamfuta ba ta ɗauke wa kowa ba. A Adis Ababa, filin da ya haura ƙafa 7,600 ga tsaunin Entoto a arewacinsa, iska ba ta da kauri. Gudun da ma'auni ke nuna maka ya gaza gudunka na gaskiya da kusan kashi biyu cikin ɗari a kowace ƙafa dubu, don haka kwanarka ta fi faɗi, gangararka ta fi sauri, injinka kuma ya fi rauni. Hanyar fasa sauka ta yau da kullum an zana ta ne a kan hawan kashi biyu da rabi cikin ɗari, a filayen duwatsu kuma sau da yawa ana neman fiye da haka. Shin jirginka, da nauyinsa na yau, da zafin yau, da inji ɗaya, zai iya? Wannan lissafi ne da ake yi tun kafin a bar tsayin tafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan kewaya fili da ido a ƙarƙashin gajimare don sauka ta ɗaya bakin titin: a Islamabad, a watan Yulin 2010, jirgin Airblue ya fita daga da'irar da aka tanada ya daki duwatsun Margalla, mutum 152 suka mutu, alhali na'urar gargaɗi tana ta ihu. Na'ura ta yi aikinta, ba a saurare ta ba.

Ga inda raina yake ɓaci. Mun ga yadda aka bar bikon bayan bikon ya mutu a ƙasar nan, wani don janareta babu mai, wani don an sace waya, sanarwar lalacewa ta yi wata da watanni ba a gyara ba, matuƙa suna ta dabara da ransu da na fasinja. Mun rubuta rahoto har mun gaji. Kamfanin da na fi daɗewa a cikinsa yana da wani babban littafi a ofishin matuƙa, inda kowane kyaftin ke rubuta abin da ya gani a filaye masu wuya: inda allura ke yaudara, inda iska ke juyawa da la'asar, inda gajimare ke kwanciya a bakin titi. Da kamfanin ya durƙushe, aka watsar da mu ba tare da haƙƙinmu ba, littafin ma ba wanda ya san inda ya shiga. Ilimin mutane da yawa ne ya tafi a banza. Kuma duwatsunmu ba su daina karɓar nasu ba. A watan Satumban 2006 jirgin sojan sama ƙirar Dornier 228 da ya taso daga Abuja zuwa Obudu ya faɗi a kan tudu a jihar Binuwai, manyan hafsoshi da dama suka rasu. A watan Maris 2008 wani Beechcraft 1900D ya ɓace a hanyarsa daga Legas zuwa filin Bebi kusa da Obudu, ba a ga tarkacensa a cikin tsaunukan ba sai bayan wata biyar da ɗoriya. Tsaunukan iyakarmu da Kamaru ba su kai na Nepal ba, amma ƙafa ɗaya ƙasa da kan dutse ta isa.

Kuma dogaro da kwamfuta kaɗai yana da ramukansa. A watan Mayun 2022, a filin Charles de Gaulle na Paris, inda ko tudu babu, an ba wani A320 lambar QNH 1011 maimakon 1001. Bambancin milibar goma ya sa jirgin ya bi layin gangararsa daidai a allo, alhali yana ƙasa da layin da wajen ƙafa 280. Saura ƙafa shida ya taɓa ƙasa kafin titi lokacin da ya ɗaga. A allo komai lafiya, domin ita kanta kwamfutar da lambar ƙarya aka ciyar da ita. Ka ɗauki wannan kuskure ka kai shi Jos ko Adis. Ga kuma abin da ke faruwa a 'yan shekarun nan a Gabas ta Tsakiya, hanyar da jiragenmu ke bi, inda ake toshe siginar GPS ko a cusa ta ƙarya, jirgi ya ɗauka yana wani wuri dabam, na'urar gargaɗi ta yi ihu a sararin sama ko ta yi shiru inda ya kamata ta yi magana. Ranar da haka ta same ka tsakanin duwatsu, abin da zai rage maka shi ne VOR in akwai, da agogo, da abin da ke cikin kanka.

Baba Kyaftin ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna makomarsa. Bai bar littafi ba, ba a sa wa ko ɗaki ɗaya sunansa ba, amma ya yi aikinsa har ya gama bai taɓa raunata fasinja ba, kuma duk wanda ya zauna a damansa ya fita da wannan tarbiyya.

Kirana ga masu koyarwa shi ne su riƙa kashe wa ɗalibi taswirar allo a cikin simuleta, su ba shi VOR da DME da agogo, su kai shi fili mai duwatsu da dare, har sai ya iya faɗin inda yake ba tare da ya duba layin kwamfuta ba. Ga hukumomi kuma, kada a yi gaggawar rufe na'urorin ƙasa a filayen tuddai don an samu tauraron ɗan'adam, kuma wadda aka bari a kula da ita. Ku kuma 'ya'yana da ke kujerar dama a yau, ku yi amfani da duk kayan da zamani ya ba ku, amma kafin ku fara gangarowa ku rubuta nisa da tsayi da hannunku, ku san ɓangaren da dutse yake, ku faɗa wa juna da baki a kowane mataki. In lamba ta saɓa, ko zuciya ba ta kwanta ba, ku ba shi wuta ku hau, ko kyaftin ya girme ku, ko mai kamfani yana cikin jirgin. Man da aka ƙona ana sayen wani, makara kuma ana ba da haƙuri a kanta. Allah ya tsare ku, ya sauke ku lafiya a duk inda kuka nufa.